Ƙwan da Aka Ja wa Fensir

A gidan ƙyanƙyasar kajin da nake aiki akwai wani ɗan ɗaki marar taga. Mu biyu ne a cikinsa, ni da matar da kowa ke kira Mai Fitila. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni da shekara bakwai, kuma ita ta koya mini aikin. In ƙwai ya kwana bakwai a injin ƙyanƙyasa, sai a turo mana shi tire-tire, mu kashe wuta, mu ɗora kowanne a bakin 'yar fitila mu leƙa cikinsa. Wanda ya kama, za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda bai kama ba, haske ne kawai ke ratsa shi. Shi muke ce wa fanko, bokiti ne makomarsa.

Idon Yaya ba ya ƙarya. Amma tana da hali guda da ke ba manaja haushi: ƙwan da ta yi shakkarsa ba ta jefarwa. Sai ta zaro guntun fensir daga aljihun rigar aiki, ta ja masa ɗan layi, ta ce a ƙara masa kwana uku. Manaja ya yi faɗa har ya gaji, wai wuri suke cinyewa, in kuma suka fashe su ɓata na kusa da su. Ta ce, "To, ranka ya daɗe," gobe ta sake. Ni ma abin yana ƙona mini rai, tunda ni ce ke sake haska su. A cikin goma, da ƙyar biyu ko uku ke fitowa da rai.

Mijinta shi ne mai kula da janareta da zafin injuna, muna kiransa Injiniya. Mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Shekararsu goma sha biyu da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Duk abin da aka ce ta sha ta sha, mai ɗaci da mai wari. Uwar mijin ba muguwa ba ce, sai dai tana da wata irin sannu da takan yi mata in an haihu a maƙwabta, wadda gara zagi da ita.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in ƙwan wata gona ya zo fanko ya yi yawa, Yaya ce kan fara cewa manaja, "A duba zakarun gonar nan, ba laifin kajin ba ne." Shekara da shekaru tana faɗin haka, bai taɓa zuwa mata a rai ta kai maganar gida ba. Wata rana ta faɗa, bakina ya kufce. Na ce, "Yaya, ke naki zakaran an taɓa duba shi?" Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, tire kawai take turo mini. A rana ta uku Injiniya ya nemi izinin zuwa asibiti.

Sakamako ya nuna maniyyinsa ba shi da yawa, ɗan da ke akwai ɗin ma ba ya tafiya sosai. Ita kuma ɗaya daga cikin bututun mahaifarta biyu a toshe yake. Kowa da nasa ke nan, kuma na lura tun daga ranar Injiniya ya fara jiranta a bakin ƙofa in an tashi.

Likitar da ke duba su mace ce mai gilashi, ba ta kwana-kwana. Ta fara ba Yaya ƙwayoyin da ke sa ƙwai ya nuna, aka tace maniyyin Injiniya aka zuba mata kai tsaye a mahaifa. Sau biyu aka yi, bai kama ba. Sai ta ce saura hanya guda. Za a yi ta yi mata allura har ƙwai da yawa su nuna lokaci ɗaya, a ciro su, a tsira wa kowanne ƙwayar maniyyi guda da siririyar allura, a ajiye su cikin wani inji mai ɗumi kwana biyar, wanda ya kama a mayar mata ciki. Yaya ta ce mini a nan ta yi dariya, ta ce, "Ashe aikinmu ɗaya, likita. Injinki ne kawai ƙarami."

Allurar safe ni nake yi mata a ɗakinmu kafin mu kashe wuta, a gefen cibiya, har wurin ya yi shuɗi-shuɗi. Jikinta ya karɓi maganin fiye da yadda ake so. Ƙwai goma sha tara aka ciro, bayan kwana uku kuma cikinta ya cika da ruwa ya yi tulu, numfashi yana yi mata wuya. Likita ta ce hakan na faruwa, kuma ba abin wasa ba ne. Ranar da Injiniya ya riƙo ta zuwa mota, matan layinsu suka ga cikin, suka hau yi mata barka, wata har da cewa ashe ɓoye musu take yi. Yaya ta amsa wa kowa da "Na gode," ta shiga mota. Kwananta biyar a gadon asibiti.

Cikin goma sha taran, uku ne suka kama. Aka daskarar da su har jikinta ya huta. Na farko da aka dasa mata bai zauna ba. Na biyu bai farfaɗo daga sanyi ba. Likita ta gaya musu ƙarara cewa ba ta so a sake tayar mata da ƙwai bayan abin da ya faru, don haka na ukun shi ne na ƙarshe. Aka dasa shi, bayan mako biyu gwajin jini ya ce akwai ciki. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni, shi ma a cikin duhu, tana haska ƙwai.

Kwana takwas bayan nan ta fito daga banɗaki ta ce ta ga ɗigon jini. Na kira Injiniya, mu uku muka tafi. A ɗakin hoton ciki likita ta rage wuta, ta juya allon na'urar yadda za ta gani ita kaɗai, amma Yaya ta ɗaga kai ta leƙa. Wani ɗan baƙin da'ira ne, babu komai a cikinsa.

"Fanko ne," in ji Yaya.

"Ban ce ba," in ji likita. "Kin zo da wuri. Ki dawo nan da mako guda mu sake gani."

"Likita, shekara goma sha biyar ina wannan aikin. Na san shi. In akwai maganin da za a ba ni ya fita, a ba ni yau, in huta."

Ba ta ɗaga murya ba, kamar lissafin tire take bayarwa. Ni kam tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin ta ce fanko an samu akasi ba. Injiniya yana riƙe da rigar aikinta a hannu. Ya laluba aljihun, ya ciro guntun fensirin, ya kama hannunta ya ja layi a bayansa. Fensir ba ya kama fata, sai ɗan farin sawu da ya bari.

Ya ce, "Na mutane kina ƙara musu kwana uku. Namu ne ba za ki ƙara wa ba?"

Ba ta sake tambayar maganin ba.

Makon nan ta zo aiki kullum, duk da an ce ta huta. Ko ƙwai ɗaya ba ta ja wa layi ba. Duk wanda ta yi shakka sai ta miƙo mini, ni kuma da na fi kowa ƙorafi a kan abin, na nemo nawa fensirin.

Ranar komawa ta ce in raka su. Aka rage wuta, likita ta ɗora na'urar, wannan karon ba ta juya allon ba. Da'irar tana nan, ta ɗan ƙara girma. Ni ban ga komai ba, likita ma tana ta gyara gilashi. Yaya ta kai yatsa kusa da allon, can gefe, inda wani ɗigo ƙasa da ƙwayar gero yake ƙyaftawa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, da muryar da take yi mini magana a ɗakinmu, "Wannan akwai rai. A mayar da shi inji."

Likita ta yi dariya. Injiniya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa, fensirin yana nan a hannunsa.