Zaren Likkafanin Kaka Ige

Duk wanda ya san Kaka Ige a Kebbe ya san ba a wuce ta da sabuwar sutura. Sai ta kamo gefen, ta murza da yatsunta masu farin alli, ta shinshina, ta ce, "Wa ya kaɗa wanga?" In aka ce inji ne, sai ta saki, ta goge hannu a tabarma.

Ni jikanyarta ce. Ba ni da yawan magana, shi ya sa take barina kusa da mazarinta in na zo hutu daga makarantarmu ta Tambuwal. Ran da ta fara ganin kayan makarantata cewa ta yi, "Ƙawata, warin kananzir gare su. Yi nesa da murhu."

Da Baffa Sani, ƙanin babana, ya kawo mata rediyo daga Ikko, ana kunnawa ta ja mayafi.

"Wane ƙato na wanga, babu ko sallama?"

"Inna, daga Ingila yake magana."

"To shi koma."

Ta kife rediyon da ƙwarya. Amma na lura, duk la'asar akan tokare bakin ƙwaryar da ɗan dutse.

Zaren da take kaɗawa ba na sayarwa ba ne. A tukunya take tara shi, na likkafaninta. "Ba ni shiga ƙasa da kayan da ban san mai su ba," in ji ta.

Bara ta ce ya isa. Baffa ya ɗauke ni a babur da ƙullin zaren, muka tafi Jabo wurin Malam Audu masaƙi. Aka ce ya bar saƙa. A kasuwar Tambuwal muka same shi, yana auna yadin kanti, kaset na kiɗa a gefensa.

"Kayan saƙar?" ya ce. "An hura wutar tuwo da su. Ga akoko nan, ya fi araha."

Muka bi ƙauyuka, ba mu sami kowa ba. Da muka gaya mata, ta mayar da zaren tukunya, ta ce, "To ba ni mutuwa sai an sami masaƙi." Kowa ya yi dariya. Ni na ga ba ta ƙara taɓa mazarin ba.

Da damina Kaka ta rasu. Daga rumfar Malam Audu aka sayo likkafanin. A kusurwarsa akwai shuɗin tambari mai hoton jirgin ruwa, da rubutun da ko a makaranta ban taɓa gani ba.

Na shiga ɗakinta na ɗauko zaren, na ajiye gaban Gwaggo, wadda za ta yi ɗinkin. Ta dube ni, ta zare zaren kanti daga allura, ta zura na Kaka. Sannan ta miƙo mini almakashi, na yanke tambarin.

Allah Ya jiƙan Kaka Ige, Ya yalwata mata kabarinta, Ya suturta ta da abin da babu injin da ya taɓa.