Gawar Hassan a Zanin Mama Rifkatu

Ko daga barci aka tashe ni ba zan manta da Alhamis ɗin da na sanar da mutuwar Hassan ba, alhali Hassan yana nan garau. Ku da kuka zo koyon aiki kuna ta tambayata abin da ya sa kowane faifai a situdiyon nan yake ɗauke da lamba da jan biro. To, ku gyara zama.

A lokacin ina shekara ta uku a wurin Oga Ishaku, nan Kafanchan. Shi ke riƙe kyamara da makirfo, ni ke kan kwamfuta: tace murya, haɗa bidiyo, adana aikin mutane. Babbar kwamfutarmu ta tebur tana da faifan ajiya biyu, na haɗa su a tsarin da ake kira RAID 1. Ma'anarsa, duk abin da aka rubuta a ɗaya nan take a rubuta shi a ɗayan, in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa ya riƙe gida. Da yake tare aka sayo su, kamarsu ɗaya, sai na manna musu takarda, na sama Hassan, na ƙasa Usaini. Oga ya ce, "Jummai, duk sunaye da ke cikin Littafi Mai Tsarki bai ishe ki ba?" Na ce ya nemo min tagwaye masu zaman lafiya a ciki, don ni dai ba zan haɗa Isuwa da Yakubu a kwamfuta ɗaya ba.

Bidiyo kuwa akwai ci kamar gara. Kafin shekara tagwayen sun cika maƙil, Oga ya sayo faifai na uku, na ce a koma RAID 5. A wannan tsarin ana rarraba aiki a kan faifai uku, tare da wani lissafi da ke iya sake gina abin da ke kan kowannensu in ya lalace. Wurin ajiya ya ninka, amma da sharaɗi: ɗaya kaɗai aka yarda ya mutu. In biyu suka tafi tare, komai ya tafi. Na bi ƙa'ida, na kwafe komai a faifan waje, na kashe kwamfuta, na ɗaura sabon, na jona wayoyinsa, na ba da umarnin sauya tsari. Kwana da yini tana aikin, janareto na ta ruri don kada wuta ta yanke mu a tsakiya. Sabon faifan bai sha wahalar suna ba, ai duk wanda ya biyo tagwaye Gambo ne.

Da aka gama, kaina ya kumbura har ƙofa ta yi min kaɗan. Na ce mai 'ya'ya uku me zai yi da faifan waje? Na goge shi na zuba bidiyon bikin wasu. Wautata ta farko ke nan.

Cikin daminar wannan shekarar zumuntar mata ta wata coci a Manchok suka ɗauki waƙoƙi a wurinmu, da yarensu na gida. Mai ba da waƙar wata tsohuwa ce, Kaka Ladi, wadda ta san tsofaffin muryoyin da 'yan baya ba su iya ba. Mako uku da ɗauka ta rasu. Ba ta taɓa shiga situdiyo ba sai wannan karon, kuma muryarta ba ta ko'ina a duniya sai cikin Hassan, Usaini da Gambo. An sa ƙaddamarwa ranar Lahadi. Ranar Alhamis matan suka cika bas suka zo jin aikin, sanye da zanin zumunta, shugabarsu Mama Rifkatu a gaba. Muka jera musu benci a baranda.

Ina kunna kwamfuta sai ga jan gargaɗi: faifai mai lamba ɗaya ya lalace. Ko a jikina! Murna ma na yi, ranar da zan nuna gwaninta ta zo, ga sabon faifai a durowa yana jiran irin haka. Lamba ɗaya, na fari ke nan, na fari kuwa Hassan ne. Na kashe kwamfuta, na kwance shi, na fito baranda ina ɗaga shi sama ina washe baki.

"Oga, Hassan ya mutu!"

Nan take baranda ta rikice. "Wayyo Yesu! Hassan na wane gida?" Wata ta ɗora hannu a ka, wata har ta ɗauko waƙar ta'aziyya. Mama Rifkatu ta harare ni ta saman tabarau. "Ke yarinya, mutum ya mutu kina dariya? Wanene ya rene ki?"

Da ƙyar na fahimtar da su cewa ga mamacin nan a hannuna, kuma waƙoƙinsu na nan lafiya wurin ƙannensa. Dariya har wata ta zamo daga benci. Oga ya karɓi Hassan yana murmushi, don shi ma ya samu nasa. Al'adarsa ce duk faifan da ya mutu sai ya buɗe cikinsa ya cire mayen ƙarfen da ke ciki, ya manna a bango yana rataye sukudireba. Faifai kuwa in an buɗe shi a fili ƙura ta shiga, sai dai wani ba shi ba.

Na koma ciki ina 'yar waƙata, na ɗaura sabon faifai a gurbin Hassan, na share ƙurar fanka, na ɗaure sukurori a natse. Na kai minti goma sha biyar. Na kunna, allo ya ce rumbun ajiyar gaba ɗaya ya rushe, faifai biyu babu.

Na karanta sau uku. Na haska tocilan a jikin allon kwamfutar inda wayoyin faifai ke shiga, na ga lambobin ramukan: sifili, ɗaya, biyu. Wayar Hassan a sifili take. Kwamfuta daga sifili take fara ƙidaya, na sani, na ci jarrabawa a kai, amma na bar suna ya rufe min ido. Lamba ɗaya Usaini ne. Na bar mamaci a gado, na miƙa mai rai ga mai sukudireba.

Ban san na iya gudu haka ba. Takalmina ɗaya a ƙarƙashin tebur na baro shi, na fito ina ihu, "Oga, kar ka buɗe! Yana da rai!"

Na tarar da Oga a tsaye da sukudireba a hannu, fuskarsa kamar wanda aka ƙwace wa nama a baki. Hassan kuwa yana kan cinyar Mama Rifkatu, an naɗe shi da bakin zani.

Ashe ina shiga Mama ta karɓe shi daga hannun Oga, tun lokacin ake ta fama. Oga ya ce, "Mama, wannan ƙarfe ne kawai, ki ba ni." Mama ta ce, "Ƙarfe ko ba ƙarfe ba, muryan Kaka Ladi ya kwana a cikinsa. Ba za ka yanka shi a gabanmu ba. Kuma mu a wurinmu ba a biso ranar da mutum ya mutu, Ishaku, ka sani. Sai dangi sun taru, kowa ya gani da idonsa." Sauran matan suka ce ƙwarai, suka kewaye ta. Oga da ke tsawata wa ango a ranar aurensa dole ya haƙura.

Na durƙusa a gabanta ina haki. "Mama, kuskure na yi. Usaini ne ya mutu."

"To! Kun gani?" Ta juya ga matan. "Da mun bar shi fa?"

Na koma ciki na mayar da Hassan raminsa, na cire Usaini, na sa sabon a gurbinsa. Na kunna na rufe ido. Da na buɗe, rumbun ya dawo, yana ɗingishi da ƙafa biyu amma komai na nan. Kafin in ba da umarnin sake gini, sai da na kwafe waƙoƙin matan nan wuri biyu daban. Sannan na ƙure lasifika na danna waƙar farko.

Muryar Kaka Ladi ta fito, siririya, tana rawa kaɗan, ta ba da waƙa. Matan suka amsa daga baranda ba wanda ya ce su amsa. Guɗa ta tashi, ana kuka ana rawa, masu acaba suka tsaya a bakin titi. Ni ma na shiga fili da takalmi ɗaya, ina dariya hawaye na zuba, don tsoron da na ji sai a lokacin ya sauka. Oga da kansa ya taka, sukudireba a hannu.

Tun ranar nake rubuta wa kowane faifai lambar raminsa, suna ya biyo baya. Na kuma daina ɗaukar RAID a matsayin kwafin ajiya, domin yana kare ka daga mutuwar faifai amma ba ya kare ka daga Jummai. Babban abin da na koya kuwa ba a makaranta na samo shi ba. Ni na san RAID, Mama Rifkatu ba ta san ko sunansa ba, amma ta san darajar abin da ke ciki fiye da ni, kuma ita ta cece shi. Shi ya sa a situdiyon nan ba a buɗe faifan da aka ce ya mutu sai ya yi mako guda a durowa.

Usaini ma sai da ya yi mako biyu a ciki, har Mama ta aiko daga Manchok cewa an yi ƙaddamarwa lafiya, Ishaku yana iya yin biso.