Ɗan Darar da Ke da Suna

Duk wanda ya san kasuwar Mai'adua ya san Baba Zailani mai awon gero, kuma ya san ba a cin sa a dara. Ni Jibril, mai gyaran waya a rumfar da ke jikin tasa, na sha kashi a hannunsa har na haƙura. Mutum ne da zai miƙa maka ɗa ɗaya yana murmushi, kana murna ya kwashe maka uku.

"'Ya'yan dara ba su da uwa," in ji shi. "Kowanne na bayarwa ne."

Ɗansa na fari, Abbas, abokina ne. Ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba, saboda alkunyar ɗan fari. Sai dai "wancan", ko "abokinka". Shekara biyu ke nan Abbas ya bi ta kan iyakar Kongolam ya tafi haƙar zinariya can arewa, kuma tun damina waccan ba wanda ya ji muryarsa.

Wata Laraba da kasuwa ba ta ci, Baba ya kawo mini tsohuwar wayar da Abbas ya bari, wai in duba ko tana da rai. Na sa mata caji. Tana tashi sai ga wasan da Abbas ke bugawa: wata ƙasa koriya shar, koguna suna tafiya a hankali, hazo kwance kan duwatsu, mayaƙa jere cikin gidaje kamar ramukan dara.

"Af, dara ce ta Turawa," ya ce, ya gyara zama.

Na ce rabinta dara ce, Baba. Kana kallo daga sama, kana tura runduna. Ɗaya rabin kuwa, akwai mutum guda a ciki wanda kai ne shi. Yana da suna, yana girma, yana koyon takobi, yana tuna wanda ya yi masa alheri. Kuma yadda mai wayar ya saita ta, in ya mutu ya mutu ke nan, ba ya dawowa.

"Wane ne wannan mai shuɗin rawani?"

"Shi ne. Sunansa ya sa masa."

Ya daɗe yana kallon haruffan nan biyar da bai iya karantawa ba.

Tun daga ranar, da zarar an sauko daga azahar sai ya jingina da buhu, wayar a tafin hannu. Wallahi har haushi yake ba ni, mai saye na tsaye yana sallama, shi yana can bakin wani kogi. Ya ci garuruwa bakwai, don tsohon gwani ne. Mahaya da maharba yana bayar da su ba ko ƙifta ido. Mai shuɗin rawani kuwa kullum yana can baya, an kewaye shi kamar ƙwai a cikin kaba. Wani lokaci ma ba ya yaƙin, sai ya bar shi yana yawo cikin ciyawa, yana kallonsa.

Sai aka zo wata gada. Wasan ya ƙi wucewa sai mai shuɗin rawani da kansa ya hau. Na ce masa, Baba, dabarar a fili take, ka tura shi abokan gaba su rufa masa, mahayanka su zagayo ta baya. Kai fa ka koya mini.

Ya tura shi. Suka rufa masa. Jan layin da ke nuna ransa ya soma raguwa, mahayan kuma ba su iso ba, saura taku biyu.

"Abbas!" Baba ya ce da ƙarfi. "Abbas, dawo!"

Masu ɗinkin buhu suka ɗago kai. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, ban ɓoye ba.

Ya janye shi baya. Gadar ta tafi, runduna ta watse, garuruwa biyu suka faɗi. Mai shuɗin rawani ya tsaya a bakin ruwa da ɗan guntun ransa.

"An cinye ka, Baba," na ce.

"An cinye ni." Ya share gilashin da bakin rigarsa, ya miƙo mini. "Sa mata caji, Jibril. Kada Abbas ya dawo ya tarar ta mutu."