Kitson da Na Kai Gidan Suna

Ɗiyar ƙanwata ita ce makitsiyar unguwarmu a Kore Mairuwa tun tana budurwa. Bayan haihuwarta ta ukku kanta ya rikice, ba barci, sai magana ita kaɗai. Masu bori sunka ce aljana Doguwa ce, samarin masallaci sunka zo da karatu. Daga ƙarshe mijinta ya kai ta asibiti Yamai, wajen masu taɓin hankali, ta yi wata biyu kwance.

Da anka sallamo ta, ta dawo da ƙiba, da ƙwayoyi cikin leda, da takardar randebu, wato ranar komawa ganin lokotoro, likitanta. Tana dahuwa, tana goyon ɗanta, tana gaida kowa. Amma kitso, ko mace guda. Waɗanda da ke cika mata gida jajibirin salla sai su gaishe ta daga nesa, hannu bisa kallabi. Wai in ta taɓa kan mutum, abin zai bi yatsunta ya shiga.

Ban taɓa ganin hawayenta ba. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma bakin ƙofa, ta aje tsinke da kwalbar mai, ta zauna har azahar, ta naɗe. Kwana ashirin haka. Ni da tuni na zagi unguwa duka.

Rannan na tahi na tuɓe kallabi, na zauna gabanta.

Ta ce, "Inna, mi zan kama nan? Gemun akuya ya hi gashin ga."

Na ce, "Kama abin da kinka samu. In haukar ce ta shigo, tsufa ya riga ta wuri."

Hannunta na rawa, maganin ke sa ta. Tsinke ya soke ni sau biyu. Ta tsaya ta ce, "Yi haƙuri, Inna. Zan gaya ma lokotoro ran randebu, amma ba ni barin sha." Ɗan kitson nan ya kai mu la'asar. Da ta gama, sai ta tattara gashin da ya zube, ta dunƙule, ta sa mini a hannu, yadda makitsiyar kirki ke yi don kada wani ya tsinta ya yi mugun abu da shi. Ni mai lahiyar na mance. Ita ba ta mance ba.

Washegari anka yi suna a maƙwabta. Tsakiyar mata na ture kallabi baya, wai zafi nake ji. Tsohuwa da kai waje abin kunya ne, na sani. Wata ta matso tana duba layukan.

"Wa ya yi miki?"

"Wadda kuke gudu. Kwana guda ke nan, ban ciji kowa ba tukuna."

Anka yi dariya, rabi-rabi. Makitsiyar tawa tana can wajen tukwane tana zuba tuwo, ta ji. Ba ta ko aje mara ba ta ce, "Asibiti na je, na warke, ina shan magani. Tabarma tana nan inda kunka san ta."

Ba su zo da gudu ba. Sati biyu kafin mai tambayar nan ta zo, ita ma ta bayan gida ta shigo. Lokotoro ya canza ƙwaya guda, rawar hannun ta ragu. Wasu har yau ba su taka ba, can su sani.

Salla da ta wuce na iske mata biyar bisa tabarmar. Na ce ni ce ta farko a gidan ga. Ta ce, "Bi layi, Inna."