Babban Yatsana Ya Kusa Kayar da Ni a Hanyar Mora

Jama'ar rediyo, salamu alaikum. Kun dame ni da tambayar yadda tafiyar Mora ta kasance, to ga ta tun daga tushe.

Ga wanda bai sani ba, wata takwas na yi ina haɗa wani ɗan akwati da bai fi gwangwanin sadin ba, duk a bidiyo na koya. Aikinsa ya karɓi murya daga oba-oba, wato rediyon hannu, ya mai da ita lambobi, ya tura ta intanet ɗin waya har ta fito a wata oba-obar, ko a ina take. Burina a kafa babbansa a kan dogon ƙarfen eriyar Malam Hamadu, dattijon da ya tara mu 'yan rediyo a Garwa. Shi kuwa bai yarda da dijital ba. Ya ce, "Nasiru, tsohuwar rediyo in za ta ɗauke sai ta yi shuuu, ta yi maka sallama. Taka kuwa ɗif take yi." Sai ya kafa sharaɗi: in je har Mora, in kira shi daga wuri biyar. Kowane kira zai faɗi kalma biyar da ba abin da ya haɗa su, in maimaita masa. In na ci kira uku, in hau ƙarfensa. In ban ci ba, akwati ya koma kwali.

Asabar: Garwa zuwa Marwa

Biyar saura kwata na fita gida, na yi asuba a masallacin tasha. Motarmu ta tashi shida da minti goma, kujera sefa dubu uku. A jakata akwai oba-oba, akwatin, batir biyu, takardar izinina ta rediyo a leda, da busasshen kifin Lagdo da Inna ta ce in kai wa Baffa Sali, ƙanen babana. Kifin nan har eriya sai da ta ɗauki warinsa.

A Pitowa muka tsaya lodin albasa, na yi wuf na sauka. Rezo, wato sabis ɗin waya, cike. Na kira, muryar Malam ta fito tar kamar yana gefena, wallahi har tsigar jikina ta tashi! Na kara rediyo a kunne. Ya ce, "Tabarma." Na ce na'am. Shiru. "Fitila." Na'am, Malam. Shiru. "Takalmi."

"Malam, uku na ji."

"Biyar na faɗa. Rubuta: na ɗaya ya faɗi."

Tara da kwata muna Figil, wajen kilomita casa'in daga gida. Na sha shayi da makala biyu, wato fanke, a tsaye. Akwai wata lamba da muke ce wa aku, in ka yi magana sai ta dawo maka da muryarka. Na gwada ta, na ƙirga ɗaya zuwa ashirin, ko ɗaya bai ɓata ba. Na kira Malam da ƙarfin gwiwa. Kalma uku kuma na ji! Direba ya leƙo ya ce, "Samari, in ba ta kama ƙwallo ka shigo mu tafi." Biyu sun faɗi, saura uku, kuma duka ukun sai na ci.

Sha biyu da rabi muka isa, ɗan moto, wato ɗan acaɓa, ya kai ni unguwar Dugoy. Baffa Sali mahauci ne, na tarar ya dawo daga mayanka yana wanke wuƙaƙe. "Jam na, injiniya?" in ji shi, wato ko ina lafiya. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa, nama har ya fi miya yawa, amma loma uku na yi. Na buɗe akwatin, na duba kowace waya, ban ga komai ba.

Bayan la'asar, a gindin bishiyar bedi, Baffa ya ce, "Kira dattijon in ji abin da ya hana ka cin tuwona." Na kira. Malam ya fara gaisuwa, ya hanya, ya mutanen gida, ina ta amsawa. Sai Baffa ya dafa hannuna.

"Wannan jar wutar ta mece ce?"

"In na danna zan yi magana take kamawa, Baffa."

"In ta kama kana jin sa?"

"A'a. Oba-oba ba ta ji da magana lokaci guda."

"To ai tun ɗazu duk na'am ɗin da ka ce sai ta kama."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige! Tun ina yaro aka koya min, babba ba ya magana ka yi masa shiru, sai kana na'am, to, haka ne. Ashe bakina na amsawa, babban yatsana na dannawa, ni kuma rediyo na kunne, ba na ganin wuta. Duk na'am ɗaya na cinye kalma ɗaya. Aku kuwa ba dattijo ba ce, shi ya sa ban taɓa katse ta ba.

Baffa ya karɓe rediyon ya ɗora a kan faranti, ya ce, "Zauna a kan hannuwanka. Na'am ɗinka ka ba iska." Malam ya jero: guga, kwaɗo, allura, gyaɗa, tsani. Biyar cif! Na faɗa masa abin da ya faru, na roƙa a soke biyun farko. Dariya ya yi har da tari, sannan ya ce, "Ba a sokewa. Mai riƙe rediyo ma yana cikin rezo."

Na koma kan tuwon nan duk da ya huce.

Lahadi: Mora

Bakwai daidai muka tashi, kilomita sittin, mota cike da 'yan kasuwa don ranar kasuwar Mora ce. Kun san halin rashin tsaron da yankin ya shiga, shinge ya fi yawa, kuma eriya ba abin wasa ba ce a can. A shingen ƙarshe wani jandarma ya buɗe jakata, ya ga oba-oba, fuskarsa ta canza. Ya kira shef ɗinsu, wato ogansu. Na miƙa takardar izini da katin shaida da hannu biyu. Shef ya karanta har baya, ya ce, "Da wa kake magana da ita?" Na ce da malamina a Garwa, in ya yarda in kira yanzu ya ji.

Na ɗora rediyo a kan bencinsu, na kira, na maida hannuwa baya. Shef ya ce, "Ba kama ka muka yi ba." Na ce, "Shef, yatsana nake tsaro." Malam ya gaishe shi da Faransanci, sannan ya jero biyar ɗinsa, duka suka iso. Shef ya maido min takardu ya ce in bar ta a jaka cikin kasuwa. Haka na yi. Na ci soya, wato tsire, na sayi wa Inna barkono, la'asar ina Dugoy.

Litinin: Marwa zuwa gida

Biyu da biyu, saura na ƙarshe. Wurin kuma Malam ne ya zaɓa: Muturwa, cikin duwatsu. Mun tashi sha ɗaya, muka tsaya azahar a can. Na duba waya, rezo sanda ɗaya, tana zuwa tana tafiya. Na idar da salla, na haye wani dutse a bayan masu sayar da gyaɗa. Na kira, na jefa rediyo a aljihun riga, hannun dama ya ɗaga waya sama, hagu ya riƙe akwati. Ba yatsan da ya rage na ɓarna.

Nan na ji rashin ƙarfin dijital na gaskiya. Muryar Malam ta koma kamar ta kwaɗo a cikin randa. "Ra...ƙumi. Madubi. Gishiri." Direba ya danna hon. "Igiya." Shiru. Na ƙara miƙewa a kan yatsun ƙafa. "Kwa...kwando."

Na maimaita masa su. Ya ce, "Sauko kada motar ta bar ka."

Biyar da rabi muka shigo Garwa. Ko gida ban je ba, na wuce wurin Malam. Ya zaunar da ni, ya fara bayani: Asabar za a hau ƙarfe, amma tsohuwar rediyo na nan daram, don inda rezon waya ya mutu akwatina ma ya mutu, na gani da idona a Muturwa. Ya yi ta magana, ni kuwa na zauna a kan hannuwana, na yi tsit. Can ya tsaya, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Kai Nasiru, ni oba-oba ce? Amsa min mana!"

"Na'am, Malam!"

Alhamdu lillahi da Ya kai ni lafiya Ya dawo da ni. Malam, Allah Ya ƙara girma. Baffa Sali, useko, na gode, Allah Ya bar ido da gani.