Ta Ina Aka Juya Fuskarsa

Da, a gidanmu na Gadarif, kowane mamaci an san inda yake kwance. Kakanmu da ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ƙarfinsa ya ƙare a nan, yana maƙabartar bayan gari. Mahaifinmu na kusa da shi. Yanzu kuwa muna da mamacin da ba mai iya nuna kabarinsa: ɗan ƙanena, wanda ya bar gonar riɗi ya shiga soja da yaƙin nan ya ɓarke.

Na yi yawo, na ga maƙabartun sojoji a Masar da Habasha, duwatsu a jere, kowanne da suna. Mu waya aka yi mana. Aka yi masa sallar ga'ib, aka yi zaman makoki, aka naɗe tabarmi. Ƙanena bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya yake ta yi: a ina?

Bayan damina muka ji wani abokin yaron yana jinya a Showak. Muka je. Muka tarar da shi kwance, ƙafa a naɗe, uwarsa ta kawo mana gahawa.

"Ammi, ni na binne shi da hannuna," in ji shi ga ƙanena, don a nan Ammi ake kiran baffa. "A bakin wata magudanar ruwa, cikin ƙaya. Damina ta wuce ta kai. Ko an kai ni yau ba zan gane wurin ba."

Ƙanena ya jinjina kai. Shi ne mai shiga kabari a unguwarmu. Duk wanda ya rasu, shi ke sauka ya karɓe shi, ya gyara masa kwanciya.

"To, ɗana, ka fuskantar da shi alƙibla?"

Yaron ya dube ni. Na so ya ce e, ko da ba haka aka yi ba.

"Ana harbi, Ammi. Hadari ya rufe rana. Wallahi ban sani ba."

"Allah ya saka maka. Ai ka rufe shi, kura ba ta ci ba."

A mota na ce masa Allah ya san inda bawansa yake kallo.

"Ya sani, Yaya," ya ce. "Ni ne ban sani ba."

Har yau yana bin gawa, yana yi mata salla, yana zuba ƙasa tare da jama'a. Amma tun daga ranar bai ƙara sauka cikin kabari ba.