Motar da Aka Ja da Igiya daga Adogi

Mijina ya sayi tsohuwar akori-kurar nan mai giyar otomatik ne saboda ƙafarsa ta hagu ba ta iya taka kuloci. Da ya rasu, ita ce abin da ya bar mini, kuma da ita nake kwaso doya daga ƙauye ina ciyar da yarana. Ban iya tuƙi ba, don haka ƙaninsa ke jan ta, mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa ba.

Wata Asabar da hantsi ya bugo mini waya daga hanyar Adogi. Wai inji yana aiki lafiya, amma ko ya taka totur sai kuka kawai, motar ba ta motsi. Na ce ya kashe ta ya bar ta a gefen hanya, zan turo bakanike.

"Matarmu," ya ce, "ke doya kin sani, moto namu ne."

Mutanenmu ba sa ganin mota ta tsaya su wuce, wannan halin kirki ne kuma ban ƙi ba. Manoma suka ajiye fartanya suka yi ta turawa don ta tashi, kamar yadda ake yi wa kowace mota. Da suka gaji, wani direban tifa ya ɗaure ta da igiya ya jawo ta har garin Lafiya, da lodin doyar a bayanta, inji a kashe don kada fetur ya ƙone a banza. Suka iso ƙofar gidana suna dariya, jiki duk gumi. Ni da hannuna na daka musu sakwara, na yi ta zuba godiya. Har yau in na tuna godiyar nan sai zuciyata ta tafasa.

Ran Litinin bakaniken mijina ya zo daga Akurba. Ya zaro ƙarfen auna man giya, ya shafa a yatsa, ya miƙo mini in shinshina. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana ƙaurin tukunyar da aka manta a wuta. Ya kwanta a ƙasa ya kwance murfin gindin giyar, sai ga garin ƙarfe cike da tafin hannunsa. Sannan ya nuna mini wani ɗan tiyo da ke tafiya lagireto, ya tsage.

"Madam, asalin ciwon ke nan. Oyil ne ya zuba, shi ya sa ya ƙi tafiya. Da na canja tiyo na ƙara oyil, shi ke nan."

Na ce to garin ƙarfen fa?

"Wannan aikin igiya ne. Irin motan nan in inji ba ya aiki, oyil ba ya zagawa cikin giya. Sun ja shi a bushe, ya ci kansa. Ba a ja, sai dai a ɗora a bayan babban mota."

Giyar irin tata kuwa an daina samu, ya nema har Jos bai dace ba.

Na kai ƙara wurin babban wansu. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Matarmu, yaron nan taimako ya yi. In kika zagi mai taimako, gobe wa zai tsaya miki a hanya?" Ƙanin yana zaune yana latsa waya, ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ma ya yi wai mota ce ta tsufa, kwananta ne ya ƙare. Na ce a gabansu ba kwana ba ne, taurin kai ne da raina mace, aka ce in yi a hankali da bakina. Nan take suka yanke a sayar wa 'yan gwangwan, su da ba su taɓa saya mata ko taya ɗaya ba.

Masu sayen suka zo da babbar mota da sarƙoƙi. Ina tsaye da 'yar autata na ga sun ɗaga ta a hankali, suna lallaɓawa, shugabansu yana gargaɗi kada a ja ta a ƙasa, wai tayoyin suna da sauran amfani.